Daga ina kalmar "gezellig" ta Holanci ta samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina karatun aikin gona a garin Wageningen na ƙasar Holan, kuma babu ranar da ba na jin kalmar "gezellig". A gayyace ni shan shayi, a ce gezellig. A shiga ɗan ƙaramin ɗaki mai kujeru da fitila, a ce gezellig. Malamar da ke koya mana Holanci ta ce kalmar ba ta fassaruwa. Mene ne asalinta? Wani ya ce mini daga "zaal" ta fito, wato babban ɗakin taro. To ko tana da dangantaka da zaurenmu na Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wanda ya gaya miki maganar "zaal" bai yi kuskure ba, sai dai ya tsallake mataki ɗaya, kuma a wannan matakin ne daɗin labarin yake. Tsakanin ɗakin da sifar akwai mutum. Kalmar ta taso daga gini, ta koma sunan wanda kuke kwana a ginin tare, daga nan ta zama sunan halin wannan mutumin, sai a ƙarshe ta sake komawa kan ginin. Ita wannan tafiyar nake so in bi da ke.

Mu fara da yanka ta gida uku: ge, da zel, da ig.

Na ƙarshen ba shi da wahala. Ɗafa-ƙeyar "-ig" aikinta kamar na "mai" ne a Hausa: "zon" rana, "zonnig" mai rana, "moed" ƙarfin hali, "moedig" mai ƙarfin hali. Ita ce dai ta zama "-y" a Ingilishi, domin a tsohon Ingilishi ma "-ig" ake rubutawa, shi ya sa "zonnig" da "sunny" suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan kika cire ta, abin da ya rage shi ne "gezel", kuma wannan suna ne mai zaman kansa a Holanci har yau, ma'anarsa abokin zama ko abokin tafiya. Za ki gan shi a cikin "metgezel", abokin tafiya, da "levensgezel", abokin rayuwa, da "gezelschap", jama'ar da ake tare da su, da aikatau "vergezellen", yin rakiya.

A Holancin tsakiyar zamani, wanda rubuce-rubucensa suka yawaita daga ƙarni na 13, "geselle" ake rubutawa. A tsohon Jamusanci kuwa "gisello". Masu nazarin tarihin harsuna, da suka jera waɗannan siffofi suka gwama su, sun gano cewa kakarsu a harshen da ya haifi Holanci da Jamusanci da Ingilishi tana da gaɓoɓi kamar haka: *ga-sal-jan. Tauraron da ke gaban kalmar alama ce ta cewa ba a same ta a rubuce ba, an gino ta ne daga 'ya'yanta. "Sal" shi ne gida mai ɗaki ɗaya babba. "Ga" kuwa ɗafa-goshi ne mai nufin tarayya, kusan abin da mu muke yi da kalmar "aboki" idan muka ce abokin aiki ko abokin hira. Saboda haka asalin "gezel" shi ne wanda rufin ɗaki ɗaya ya haɗa ku.

Nan ne mai lura zai ce: to in haka ne, me ya sa "zaal" take da wasalin a, "gezel" kuma take da e? Wannan tambayar ita ce ke raba nazari da kirdado, kuma Bahaushe yana da sauƙin gane amsar fiye da mutane da yawa, domin irin abin yana faruwa a bakinmu kullum. Muna cewa mota amma motoci, gida amma gidaje, ƙasa amma ƙasashe, sata amma ya saci. Wasalin i ko e da ya biyo baya shi ne ya ja baƙin da ke gabansa zuwa ganɗa, t ta zama c, d ta zama j, s ta zama sh. A waɗancan harsunan ma sautin y, wanda suke rubutawa da j, ya yi irin wannan jan, sai dai shi wasali ya ja: a ta koma e. Ya kuma ninka baƙin da ke gabansa, l ɗaya ta zama biyu, sannan shi kansa ya ɓace. Sal-jan ta zama selle. Ba kalma ɗaya abin ya shafa ba, doka ce da ta ratsa harshen. Ki duba "getal", adadi, da "tellen", ƙirgawa: a da l ɗaya a sunan, e da l biyu a aikatau ɗin, don shi ma yana da wancan y ɗin a da. Ita kuwa "zaal" ba ta taɓa samun y a bayanta ba, sai ta riƙe a ɗinta, daga baya ma ta ja shi ya yi tsawo.

Waɗannan l biyun da kike gani a "gezellig", a da can ana danna su sosai kamar yadda muke danna na "salla" ko "kalla". Yanzu rubutu kawai ya rage, aikinsu nuna cewa wasalin da ke gabansu gajere ne. Kada ki danna su. Nauyin kalmar a gaɓar tsakiya yake, g ɗin farko da na ƙarshe kuma daga maƙogwaro suke fitowa, kusa da harafin farko na sunan Khadija a bakin mai Larabci. Idan kika gangara kudu wajen Brabant da Limburg ko kika shiga Beljiyam, za ki ji sun sassauta shi ya yi laushi.

Yanzu shi wannan "sal" ɗin wane irin gini ne? Kada ki kawo ɗakin taro na jami'a a ranki. Mutanen gaɓar Tekun Arewa na wancan zamani dogon gida suke ginawa na katako da ciyawa, mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, murhu a tsakiya. A ƙauyen Ezinge da ke lardin Groningen, mai binciken kayan tarihi Albert van Giffen ya tono irin waɗannan gidaje a shekarun 1920 da 1930, a cikin tudun da mutane suka tara da hannunsu don tsira daga ambaliyar teku, har da turakun shanun a jere. Babban mutum kuma yana da nasa babban ɗakin, inda mayaƙansa ke ci, su sha, su kwana. Marubucin Rumawa Tacitus, wajen shekara ta 98 miladiyya, ya bayyana yadda samari ke taruwa a bayan shugaba irin wannan, yana ciyar da su, su kuma suna ganin abin kunya ne su dawo daga fagen fama da rai idan shi ya faɗi. A ƙasar da sanyin hunturu ke kisa, wanda kuke kewaye wuta ɗaya da shi ba abokin wasa ba ne. Rayuwarki tana hannunsa, tasa tana hannunki. Ni a ganina wannan nauyin bai gama fita daga kalmar ba har yau, ko da ana faɗinta a kan kofin shayi.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne "gezel" ba ita kaɗai ba ce. Waɗannan mutane suna da ɗabi'ar raɗa wa aboki suna da abin da aka yi tarayya a kansa, kuma wasu daga cikin sunayen sun yi doguwar tafiya har sun iso bakinmu.

A fassarar Baibul da malamin Kirista Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa, wata tsohuwar ƙabila ta dangin Jamusawa, a ƙarni na 4, wadda ita ce dogon rubutu mafi tsufa a wannan dangin harsuna, akwai kalmar "gahlaiba": ga, sai "hlaifs", burodi. Wanda kuke cin burodi ɗaya. Latin na ƙarshen zamanin Rumawa yana da kalma mai irin wannan ginin sak, "companio", daga "com", tare, da "panis", burodi, kuma masana da yawa na ganin kwaikwayon irin ta Gotawan aka yi a sansanonin soja inda ɓangarorin biyu suka cuɗanya. Daga "companio" aka sami "compagnie" a Faransanci, Ingilishi ya ara, mu kuma muka karɓa daga Ingilishi muka ce kamfani. Duk kamfanin da kika sani, sunansa na asali abokan cin burodi.

Sai "maat", aboki, daga "ga" da "mat", abinci. Daga ita aka gina "maatschappij", wadda ke nufin al'umma, ta kuma nufi kamfani. Ita ce M ɗin da ke ƙarshen KLM, kamfanin jiragen saman Holan da aka kafa a 1919, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana sauka a filin jirgin Kano. Sai "genoot", daga "ga" da tsohuwar kalmar da ke nufin shanu ko dukiya, wato wanda kuke kiwo tare. Za ki ji ta a "klasgenoot", ɗan ajinku, da "echtgenoot", miji, da "huisgenoot", wanda kuke gida ɗaya. Ki lura da wannan ta ƙarshen: da "gezel" ta yi nisa da ma'anarta ta fari, sai harshen ya sake ƙera wata kalmar don cike gurbin. Akwai kuma "kameraad", wadda ba ta gida ba ce, daga "camarada" ta Sifaniyanci ta zo, ita kuma daga "cámara", ɗaki. Sojojin da ke kwana ɗaki ɗaya. Ita ce kwamared ɗin da 'yan ƙungiyar ƙwadago da 'yan gwagwarmaya ke kiran junansu da ita a wajenmu. Kwamared da gezel ba uwarsu ɗaya ba, amma tunani ɗaya ne ya haife su.

Shi ɗafa-goshin "ge-" yana nan daram a Holanci da Jamusanci. Ingilishi ne ya zubar da shi, sai 'yan burbushi, kamar e ɗin farkon "enough", wadda ita ce "genoeg" ta Holanci.

Ita ma "sal" ta yi tata tafiyar daban. A ƙasarta ta haihuwa ta maƙale a sunayen garuruwa. Oldenzaal a gabashin Holan tana ɗauke da ita. A yankin Flanders na Beljiyam ta zama "-zele", kamar Herzele da Dadizele. Sunan Brussels kansa daga "broek", fadama, da "sele", mazauni, aka haɗa shi: gidan cikin fadama. A Suwidin, yawancin masana suna ganin ita ce a ƙarshen sunan Uppsala, garin da a ɗakin karatun jami'arsa ake ajiye da shahararren kwafin waccan fassara ta Gotawa, wanda aka rubuta da tawadar azurfa. A cikin fassarar akwai aikatau "saljan", sauka a masauki. Can baya kuma, masana suna gwama ta da "selo" ta harsunan Rasha da maƙwabtanta, mai nufin ƙauye, kodayake a kan wannan akwai saɓani a tsakaninsu.

Farankawa, waɗanda harshensu shi ne kakan Holanci, da suka mamaye ƙasar da ta zama Faransa a ƙarshen ƙarni na 5, sun bar wa Faransanci "salle", ɗaki. Duk ɗalibin da ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya san ta. Lambardawa, wata ƙabilar dangin Jamusawa, da suka shiga Italiya a shekara ta 568 sun bar wa Italiyanci "sala". Italiyawa suka ƙara mata ɗafa-ƙeyar da ke nuna girman abu ta zama "salone", babban ɗaki, Faransawa suka ara a ƙarni na 17 suka ce "salon", Ingilishi ya ɗauka, har ta zo ta zama salun ɗin da mata ke zuwa gyaran gashi. To kin ga idan dangin "gezellig" kike nema a cikin Hausar yau, salun ce 'yar'uwarta ta jini. Larabcin zamani ma ya ari "sala" daga Italiyanci da ma'anar babban ɗaki, kuma ba ta da wata alaƙa da salla ta ibada, wadda tushenta na Larabci ne tsantsa.

Zaure fa? A'a, babu dangantaka, duk da na fahimci abin da ya ja hankalinki, don ma'anar ta yi kusa ƙwarai: ɗakin da maigida ke karɓar baƙi, a ci tuwo tare, a yi hira. Amma Hausa daga dangin harsunan Chadi take, cikin babban gidan da ya haɗa ta da Larabci da Amharik da harsunan Buzaye, Holanci kuwa daga gidan Indiya da Turai. Sannan ga gwaji mai sauƙi da ake yi. Kalmomi biyu in 'yan'uwa ne, idan aka bi su baya sai kamarsu ta ƙaru. Waɗannan kuwa raguwa take yi, domin z ɗin "zaal" sabon abu ne. S ce a da, mutanen Holan ne suka mayar da s ta farkon kalma z a tsakiyar zamani, shi ya sa tsofaffin takardu ke rubuta "sale" da "geselle". Kama ta haɗari tana da yawa a harsunan duniya: "bad" a Farisanci da "bad" a Ingilishi duk mummuna suke nufi, kuma ba su haɗa komai ba. Ko a cikin Holancin ma akwai tarko. "Gesel", mai nauyi a gaɓar farko, bulala ce, kuma tushenta daban. "Sell" ta Ingilishi, sayarwa, ita ma daga wata saiwar take mai nufin miƙawa.

Mu koma kan mutumin. Da birane suka bunƙasa a Flanders da Holan, masu sana'a suka kafa ƙungiyoyi masu tsauraran dokoki, sai "gezel" ta sami ma'ana ta musamman. Matakai uku ne: "leerling", yaro mai koyo; "gezel", wanda ya gama koyo yana aiki ana biyansa amma bai buɗe nasa shagon ba; sai "meester", maigidan sana'a, wanda ba a zama shi sai an yi aikin gwaji manya sun amince. Sau da yawa gezel a gidan maigidansa yake ci yake kwana, don haka tsohuwar ma'anar ba ta ɓata ba. Kuma da yake yawancinsu samari ne marasa iyali, daga nan kalmar "vrijgezel" ta samu gindin zama, wato gezel mai 'yanci, wadda yau ke nufin tuzuru ko gwauro, har ma da macen da ba ta da aure. A Holan an soke ƙungiyoyin a tsarin mulkin 1798, aka tabbatar da sokewar a 1818 zamanin Sarki Willem na ɗaya. A Jamus kuwa "Geselle" tana nan a matsayin muƙamin sana'a, har yanzu akwai kafintocin da ke fita yawon neman ƙwarewa na shekara uku da kwana ɗaya.

Sifar kanta, "gesellich" a tsohon rubutu, da farko mutum take siffantawa: wanda aka saba da shi, mai son jama'a, mai iya zama da mutane. A tsohon Holancin littattafai za ki ga an kira ɗan'adam "een gezellig dier", ba wai dabba mai daɗin zama ba, a'a, halittar da ba ta rayuwa sai cikin jama'a. A nan Jamusanci ya tsaya. "Gesellig" a wajensu mutum ne mai son jama'a ko taro mai raha, ba sa faɗinta ga ɗakin da babu kowa, sai su ce "gemütlich". Holanci ne ya ƙara taku biyu. Daga mutumin, sifar ta koma kan zaman da aka yi da shi, "een gezellige avond", daren da hira ta yi daɗi. Daga zaman kuma ta koma kan wurin da ke kiran irin wannan zama, "een gezellige kamer", ko da babu kowa a ciki a lokacin. Wannan ɗakin mai kujeru da fitila da kika ambata, abin da suke nufi shi ne an tsara shi yadda mutane za su so su zauna su daɗe. Kalmar da ta fita daga ɗaki shekaru fiye da dubu da ɗari biyar da suka wuce ta dawo cikinsa.

Wani abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne yadda saiwa ɗaya ta yi rassa masu saɓanin zafi. "Gesellschaft" ta Jamusanci, takwarar "gezelschap", ita ce G ɗin GmbH da ke bayan sunayen kamfanonin Jamus, kuma masanin zamantakewa Ferdinand Tönnies a 1887 ita ya zaɓa ta wakilci zaman birni na ciniki da yarjejeniya, kishiyar zaman zumunci na ƙauye. A can kudu kuma, Holancin da ya sauka a gaɓar Afirka ta Kudu tare da jagoran ayarin Holan Jan van Riebeeck a 1652, wanda ya rikiɗe ya zama Afirkans, ya mayar da z ɗin s, yana cewa "gesellig", ya kuma riƙe aikatau "gesels", wanda ma'anarsa yin hira. A cikin duk jikokin kalmar, wannan ce na fi ƙauna, don ita ce ta fito da abin da ake yi a ɗakin.

Game da maganar malamarku cewa ba ta fassaruwa, ina girmama ta, amma ban yarda ba. Abin da yake gaskiya shi ne babu kalma ɗaya tilo da za ta zauna a duk inda "gezellig" ke zama. Wannan kuwa haka yake ga kunya da kara da zumunci idan za a kai su Holanci. Amma ma'anar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Idan zama ne, mu ce hira ta yi daɗi, ko taro ya yi armashi. Idan mutum ne, mu ce mai faram-faram ne, mai son mutane. Idan wuri ne, mu ce yana da daɗin zama. Sau da yawa ana jera ta da "hygge" ta mutanen Denmak da "gemütlich" ta Jamusawa kamar abu ɗaya ne, alhali tushensu ya nuna bambancin. "Hygge" daga tsohuwar kalmar tunani take, 'yar'uwar "geheugen" ta Holanci, wato ƙwaƙwalwar tuna abu. "Gemütlich" daga "Gemüt" take, zuciya da yanayinta. Su biyun daga cikin mutum suka taso. "Gezellig" ce kaɗai ta taso daga wani mutum na biyu da ke zaune kusa da ke. Shi ya sa mutumin Holan zai iya cewa kasuwa tana "gezellig druk", cike da jama'a cikar da ke da daɗi, abin da ba ya shiga ma'anar sauran biyun sosai.

Wannan ne ma ya sa kishiyarta take da zafi. Idan aka ce wa mutum "doe niet zo ongezellig", ana nufin ya janye jikinsa daga jama'a, ya tashi da wuri, ko ya duƙufa a kan wayarsa ana zaune. Za ki ga haka a bikin ranar haihuwa, inda suke jera kujeru a da'ira kowa ya zauna a gaisa da shi ɗaya bayan ɗaya, da kuma daren 5 ga Disamba da iyali ke taruwa don rabon kyaututtukan Sinterklaas, dattijon da a al'adarsu ake cewa yana kawo wa yara kyauta.

Idan maƙwabciyarki ta ce ki zo shan shayi ranar Asabar, amsar da za ta fi faranta mata ita ce "Ja, gezellig!" Idan kin tashi tafiya kuma ki ce "Het was gezellig". In kuma ke kika gayyace ta, ki dafa abin da kika saba dafawa a gida, ki sa a faranti ɗaya ku ci tare, za ki ji da bakinta ta faɗi kalmar tun kafin ku gama.